Ganye Ɗaya, Hukunci Daban-Daban: Yadda Jihohin Amurka Ke Auna Laifin Tabar Wiwi

Garin Ontario da ke gabashin jihar Oregon bai wuce mutum 11,000 da 'yan kai ba, amma shagunan sayar da tabar wiwi da ke cikinsa sun fi ƙarfin mutanen garin. Akasarin masu saye daga Boise suke zuwa, babban birnin jihar Idaho, tafiyar kamar awa guda a mota. Kogin Snake ne ya raba jihohin biyu a daidai nan. A gaɓar Oregon, duk wanda ya kai shekara 21 zai shiga shago, ya nuna katin shaida, a auna masa ganye, ya biya haraji, a miƙo masa rasit. Yana haye gada, wannan ƙunshin da ke aljihunsa zai iya ja masa ɗaurin shekara guda da tarar dala 1,000. In kuwa ya haura oza 3, wato giram 85, magana ta koma babban laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Rasit ɗin ba zai tsinana masa komai ba, sai ma ya zama shaida a kansa.

Saboda haka idan ka ji an ce Amurka ta halatta wiwi, rabin zance ka ji. Jihohi 24 daga cikin 50 ne suka ba manya damar sha don nishaɗi, wasu da dama suka amince da ita a matsayin magani kawai, 'yan kaɗan kuma suka ce ko kusa. Gwamnatin tarayya tana can sama da tata dokar, wadda ba ta janye ba.

Me ya sa abin ya rarrabu haka

Mu da muka saba da tsarin Najeriya dole abin ya ɗaure mana kai. A nan dokar miyagun ƙwayoyi ɗaya ce, hukumar NDLEA ɗaya ce, Babbar Kotun Tarayya ce ke shari'ar, kuma abin da aka rubuta wa wanda aka kama a Kano shi aka rubuta wa na Ondo. Amurka ba haka take ba. Kowace jiha tana da nata kundin laifuffuka, nata 'yan sandan, nata gidajen yarin, kuma a yawancin wurare jama'ar gunduma ne ke zaɓen babban mai gabatar da ƙara da ƙuri'a. Kusan duk wanda aka kama da wiwi a ƙasar, ɗan sandan gari ko na gunduma ko na jiha ne ya kama shi, kuma da dokar jiha za a gurfanar da shi.

Dokar tarayyar ta samo asali ne daga 1970, zamanin Shugaba Richard Nixon. Ta kasa ƙwayoyi rukuni biyar, ta sa wiwi a rukuni na ɗaya tare da hiroyin, wato abubuwan da aka ce suna da babban hatsari kuma ba su da wani amfani na magani da aka amince da shi. A ƙarƙashinta, mallakar ko da ƙulli ɗaya na iya jawo ɗaurin shekara guda da tarar da ba ta gaza dala 1,000 ba. Kilo 100 ko tushe 100 na shuka, shekara 5 ne mafi ƙaranci. Kilo 1,000 ko tushe 1,000, daga shekara 10 har zuwa ɗaurin rai-da-rai.

A 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wasu mata biyu marasa lafiya daga Kalifoniya, waɗanda dokar jiharsu ta ba su damar amfani da ganyen. Alƙalai 6 cikin 9 suka ce gwamnatin tarayya na da hurumin haramta shi ko da a bayan gida aka shuka, ko da bai taɓa fita daga jihar ba. To amma kotun nan dai ita ce ta yanke a 1997 cewa tarayya ba ta da ikon tilasta wa jami'an jiha su aiwatar mata da dokarta. In ka haɗa hukuncin biyu, ka fahimci duk abin da ya biyo baya. Tarayya na da doka, amma ba ta da hannuwan da za su kai kowane lungu, domin jami'an hukumarta ta yaƙi da ƙwayoyi, DEA, 'yan dubbai ne a ƙasa mai mutum sama da miliyan 330. Jiha kuwa ba za ta iya soke dokar tarayya ba, amma za ta iya goge laifin daga nata kundin ta ce wa 'yan sandanta su naɗe hannu.

Haka aka yi ta yi sannu a hankali. Oregon ta fara cire ɗauri ga mai ɗan kaɗan a 1973. Kalifoniya ta amince da ita a matsayin magani a 1996. Kolorado da jihar Washinton suka buɗe ƙofar nishaɗi a 2012. A 2013 Ma'aikatar Shari'a ta gwamnatin Obama ta fitar da takarda tana gaya wa lauyoyinta su ƙyale jihohin da suka tsara kasuwarsu da kyau. A Janairun 2018 Antoni Janar Jeff Sessions ya janye takardar, amma shagunan ba su rufe ba. Tun 2014 kuma Majalisar Dokokin ƙasar ke sa wani sharaɗi a kasafin kuɗi da ke hana ma'aikatar kashe ko sisi wajen tsangwamar tsarin magani na jihohi. Sharaɗi ne da sai an yi ta sabunta shi. Wato gaba ɗayan kasuwar nan ta biliyoyin daloli a kan kawar da kai take zaune.

Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba idan ana kallon taswira. Yawancin jihohin da suka fara halattawa, ba 'yan majalisa ne suka yi ba, jama'a ne suka tara sa hannu suka kai maganar ƙuri'ar raba-gardama. Teksas da Jojiya da Wisconsin da Indiana da Kansas ba su da wannan hanya a tsarin mulkinsu, sai abin da majalisa ta ga dama. Inda ake da hanyar ma ba a nan take ƙarewa ba. A Nuwamban 2024 kusan kashi 56 cikin 100 na masu zaɓe a Filorida suka ce a halatta, amma dokar jihar na neman kashi 60, sai maganar ta faɗi. A Dakota ta Kudu jama'a sun amince a 2020, Kotun Ƙolin jihar ta soke a 2021 bisa hujjar cewa an cusa batutuwa fiye da ɗaya a tambaya ɗaya, Gwamna Kristi Noem kuwa tana bayan masu ƙarar.

Sikeli ne alƙalin farko

Dokokin nan duka a kan nauyi suka ginu, kuma layi mafi muhimmanci shi ne wanda ya raba ƙaramin laifi da babban laifi. Ƙarami, a mafi yawan jihohi, ɗaurinsa bai wuce shekara guda a kurkukun gunduma. Babba kuwa tabo ne da ke bin mutum har bayan ya fito: ba zai mallaki bindiga ba, a jihohi da dama zai rasa ƙuri'arsa na wani lokaci, masu ba da aiki da masu gidajen haya za su gani a takardarsa su juya masa baya.

A ɗauki giram 100, abin da bai cika 'yar ƙaramar leda ba, a zaga da shi. A New Jersey babu laifi, domin dokarsu ta ba babba damar riƙe har oza 6, kusan giram 170. A New York ya haura oza 3 da aka yarda, amma tara ce da ba ta wuce dala 125 ba. A Kalifoniya, wadda kowa ke ɗauka can ne hedikwatar abin, iyakar giram 28.5 ce, wanda ya haura kuma zai iya shan wata 6. A Teksas shekara guda ce da dala 4,000, da sauran giram 13 kafin ya faɗa babban laifi. A Filorida tuni ya faɗa, domin layinsu giram 20 ne: ɗauri har shekara 5 da dala 5,000. A Jojiya, duk abin da ya haura oza ɗaya, daga shekara 1 zuwa 10.

Babu wani binciken likitoci da ya ce giram 21 ya fi giram 19 cutarwa ninki biyar. Lambobi ne da 'yan majalisa suka tsayar a zamani daban-daban, wasu tun shekarun 1970, aka gāje su.

Akwai kuma jihohin tsakiya, waɗanda ba su halatta ba amma suka cire ɗauri a karon farko. Nebraska tarar dala 300 take yi wa mai oza ɗaya ko ƙasa. Luwiziyana tun 2021 dala 100 ce ga mai giram 14. Wisconsin ta ɗauki wata hanya dabam: karon farko wata 6 ne da dala 1,000, karo na biyu kuwa, komai ƙanƙantar abin, babban laifi ne mai shekara 3 da rabi. Ga shi Michigan da Illinois da Minnesota, duk masu shagunan lasisi ko dokar halattawa, sun kusan kewaye ta.

Inda mutane suka fi faɗawa rami ba su sani ba shi ne batun tataccen mai, wanda ake zuƙa a sigarin lantarki ko a cuɗa cikin alawa da kek. Dokar Teksas ba ta ɗauke shi a matsayin wiwi ba, ta sa shi a wani rukuni mai tsanani. Mai oza 2 na ganye, giram 56 ke nan, ƙaramin laifi ya yi, iyakarsa kwana 180 da dala 2,000. Mai 'yar kwalbar mai da ba ta kai giram ɗaya ba, babban laifi ya yi, daga wata 6 zuwa shekara 2. Daga giram 4 zuwa 400, shekara 2 zuwa 20. Abin da ya fi ban tsoro, ba man kaɗai ake aunawa ba, har da duk abin da aka gauraya da shi. Fulawa da sukari da man shanu duk sun zama ƙwaya a idon sikeli. A 2014 an kama wani matashi mai shekara 19 a garin Round Rock da farantin kek da ya cuɗa da man. Da aka ɗora duka a ma'auni sai tuhumar ta kai matakin da zai iya shan ɗaurin rai-da-rai. Sai da surutu ya yi yawa a faɗin ƙasa aka sassauta, ya ƙare da ɗaurin talala. Dokar kuwa tana nan yadda take.

Wane ne dila

Sayarwa ta fi mallaka nauyi a ko'ina, har a jihohin da suka halatta, inda lasisi ne kaɗai ya raba ɗan kasuwa da mai laifi. Sai dai ba sai an ga kuɗi ya sauya hannu ba kafin a kira mutum dila. Ana iya tuhumarsa da niyyar sayarwa daga abin da aka gani tare da shi: ɗan sikelin lantarki a aljihun mota, ganye a ƙulle cikin ƙananan ledoji maimakon babba ɗaya, damin ƙananan takardun kuɗi, saƙonnin da ke cikin waya. Mashayin da ya sayi na wata guda ya rarraba don kada ya shanye da wuri, da wanda ke sayarwa a bakin layi, kayansu iri ɗaya ne a kan teburin ɗan sanda. A Teksas ko kyauta ka miƙa wa aboki, dokar ta ɗauke shi isarwa, tana da nata hukuncin.

Daga wani nauyi kuma ba a ma neman hujjar niyya, nauyin kansa shi ne safara. A Filorida layin laba 25 ne, kilo 11 da ɗoriya, ko tushe 300, kuma shekara 3 ce mafi ƙaranci da tarar dala 25,000. A Alabama kilo ɗaya ne, shekara 3. A Idaho laba ɗaya tak, giram 454, ko tushe 25, shekara guda babu ragi.

Wannan “mafi ƙaranci” shi ne ƙashin bayan tsarin. Da zarar doka ta ɗaure hannun alƙali, iko ya koma wurin mai gabatar da ƙara, domin shi ke zaɓen tuhumar da zai shigar. Sai ya ce wa wanda ake zargi: ka amsa ƙaramar tuhuma ka sha wata 8, ko mu je gaban masu taya alƙali shari'a ka fuskanci shekara 3 zuwa sama. Sama da kashi 90 cikin 100 na hukuncin laifuffuka a Amurka da irin wannan ciniki suke ƙarewa. Mai kuɗin lauya da beli yana iya jan magana. Wanda ke tsare yana tsoron rasa aiki da ɗakin haya, amsawa yake yi ko da yana da abin cewa. Ƙari a kan haka, jihohi da yawa suna ninka hukunci idan abin ya faru cikin ƙafa 1,000, kimanin mita 300, daga makaranta. A unguwannin masu hali da gidaje ke warwatse, da wuya ka shiga da'irar. A cunkoson unguwannin talakawa na cikin birni, da wuya ka fita daga cikinta, ko da ƙarfe biyun dare ne makarantar na kulle.

Sai dokokin masu maimaita laifi, waɗanda su ne ke haifar da hukuncin da in aka ba ka labari za ka ce ƙarya ne. A 2008 a birnin Shreveport na Luwiziyana, wani ɗan sanda cikin farin kaya ya tari wani mutum da ke kwana a titi ya ce ya samo masa wiwi. Ya je ya kawo ta dala 20, aka ba shi ladan dala 5. Saboda tsofaffin laifuffukansa, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai. Dilan da ya karɓo a wurinsa ba a kama shi ba. Sai a Disamban 2020 ya fito, bayan shekara 12. A Misisipi, jihar da mai giram 30 a karon farko tara kawai yake biya, an yanke wa wani mutum ɗaurin rai-da-rai babu damar sassauci a kan kusan giram 44, saboda laifuffukan fasa gida da ya taɓa yi a baya, Kotun Ƙolin jihar kuma ta tabbatar da hukuncin a 2022. Giram 14 ne tsakanin tara da mutuwa a kurkuku, in mutum na da tarihi.

Inda aka halatta ma da sauran magana

Kowace jiha da nata sharuɗɗan, kuma ba sa bin hankali ɗaya. Michigan ta yarda a shuka tushe 12 a gida, Kalifoniya 6, Oregon 4. New Jersey da ke cikin waɗanda suka fi sakin hannu wajen mallaka, tushe ɗaya a tukunya babban laifi ne da zai iya kai shekara 5. Jihar Washinton ma ba ta yarda mai shan nishaɗi ya shuka ba. Illinois ta ba ɗan jiha giram 30, baƙo 15. Sha a bainar jama'a haramun ne a yawancinsu, tuƙi cikin maye kuma laifi ne a ko'ina.

Birnin Washinton, fadar gwamnati, shi ne rijiya ta bayar guga ya hana. Mazaunansa sun kaɗa ƙuri'a a 2014 suka halatta oza 2, amma da yake Majalisar Dokokin ƙasa ce ke da ta-cewa a kan kasafin birnin, sai ta hana shi kashe kuɗi wajen tsara sayarwa. Daga nan aka samu shagunan da ke sayar da riga ko sitika a farashi mai tsada, su haɗa maka da “kyautar” ganye. Kuma a cikin birnin akwai filaye da gine-gine na tarayya birjik, inda dokar birni ba ta aiki. Tsallaka titi ɗaya na iya sauya matsayin abin da ke aljihu. Virginia ta halatta mallakar oza ɗaya a Yulin 2021, amma Gwamna Glenn Youngkin ya hau kujerar na-ƙi a kan ƙudirin buɗe shaguna a 2024 da 2025, aka bar mutane da damar riƙewa ba wurin saye na halal.

Ketare iyakar jiha da ganye laifin tarayya ne, ko da jihohin biyu duk sun halatta. Manomin Oregon da amfani ya yi masa yawa ba shi da ikon kai wa Kalifoniya da ke maƙwabtaka, abin da ya sa rarar ke bin bayan fage zuwa jihohin da aka haramta, inda ta fi tsada. Nebraska da Oklahoma sun kai Kolorado ƙara a kan haka a 2014, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraro a 2016. Manyan bankuna kuma suna gudun kuɗin shagunan, don haka yawancin ciniki da tsabar kuɗi ake yi, 'yan fashi kuwa sun sani. Haraji ma ba wasa ba: jihar Washinton kashi 37 cikin 100 take ɗorawa. Shi ya sa dilan bayan layi bai mutu ba, domin nasa ya fi araha.

Sai ga wani ruɗani da Majalisar Dokokin ƙasar ta ƙara a 2018, lokacin da dokar noma ta cire hemp daga jerin haramtattu, wato ɗan uwan wiwi da ake nomawa don zare da iri, muddin sinadarin THC mai bugarwa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Kamanninsu ɗaya, warinsu ɗaya, karen 'yan sanda ba ya bambancewa. A Janairun 2019 'yan sandan Idaho sun tare wata tirela ɗauke da kusan laba 6,700 na hemp daga Oregon zuwa Kolorado, suka tuhumi direban da safara. A Teksas kuwa, da jihar ta yi tata dokar hemp a 2019, masu gabatar da ƙara a manyan gundumomi sun yi watsi da ɗaruruwan shari'o'i domin ɗakunan gwajinsu ba su da na'urar auna kashin. Daga baya shaguna suka cika da alawa da abin sha masu bugarwa da aka sarrafa daga hemp. Majalisar jihar ta zartar da ƙudirin haramta su a 2025, Gwamna Greg Abbott ya ƙi amincewa. A jihar da 'yar kwalba ke kai mutum kurkuku ke nan.

Birane ma suna jan nasu zaren. Atlanta, babban birnin Jojiya, ta mayar da oza ɗaya tarar dala 75 a 2017, alhali dokar Jojiya na cewa shekara guda. Ya danganta da wane ɗan sanda ya tare ka. Masu zaɓe a Austin a 2022 da Dallas a 2024 sun ce 'yan sandansu su daina kamen masu ɗan kaɗan, Antoni Janar na jiharsu ta Teksas, Ken Paxton, ya maka biranen a kotu.

Wa ke biya

Ba ina wanke ganyen ba ne. Hukuncinsa a addini wata magana ce dabam da malamai suka gama, kuma wanda ake sayarwa yanzu ya fi na shekarun 1970 ƙarfi nesa ba kusa ba, likitoci na ganin illarsa ga ƙwaƙwalwar matasa. Amma dokar da ke ba wani lasisi da rasit, ta ba wani shekara 10 a kan abu ɗaya, ba illa take aunawa ba. Tana auna inda mutum yake tsaye, da abin da ke cikin takardarsa, da wanda ya ga dama ya tsayar da shi.

Alƙaluma sun nuna haka. A 2007 an yi kamen wiwi sama da 870,000 a ƙasar, mafi yawa na mallaka kawai. Adadin ya ragu ƙwarai tun daga lokacin. Amma rahoton ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU na 2020 ya gano cewa baƙar fata ya fi farar fata yiwuwar a kama shi ninki 3.6, alhali yawan shan ɓangarorin biyu kusan ɗaya ne, kuma tazarar ba ta gushe ba har a jihohin da suka halatta.

An yi ƙoƙarin gyara ɓarnar baya. Gwamnan Illinois ya yi wa mutum sama da 11,000 afuwa a ranar ƙarshe ta 2019. Gwamnan Maryland, Wes Moore, ya yafe hukunci kusan 175,000 a Yunin 2024. Afuwar da Shugaba Biden ya yi a Oktoban 2022 ta fi su amo amma ba ta kai su tasiri ba: ta shafi mutum kusan 6,500 a matakin tarayya, ba ta fitar da kowa daga kurkuku ba, domin shugaban ƙasa ba shi da iko a kan laifin jiha. Batun sauko da wiwi daga rukuni na ɗaya zuwa na uku, wanda gwamnatin Biden ta gabatar a Mayun 2024, Shugaba Trump kuma ya ba da umarnin a hanzarta a Disamban 2025, zai sauƙaƙa bincike ya rage wa kamfanoni haraji. Ba ya halatta shan nishaɗi, kuma ba ya taɓa ko layi ɗaya a kundin Idaho ko Jojiya.

Wanda abin ya fi shafa a cikinmu shi ne ɗalibi ko ma'aikaci ko mai katin zama na dindindin da bai zama ɗan ƙasa ba. Shige da fice hurumin tarayya ne zalla, don haka a wurinsa babu wata jiha da ta halatta. Duk wanda aka yanke wa hukunci a kan ƙwaya ana iya tasa ƙeyarsa, in ban da karo ɗaya na mallakar giram 30 ko ƙasa don amfanin kansa. Wannan rangwamen ma na wanda ke ciki ne. Ga mai neman biza, ko mai neman katin zama, ko wanda ya zo hutu gida zai koma, ba a buƙatar hukuncin kotu: ya amsa da bakinsa a gaban jami'i cewa ya taɓa mallaka, ya isa a hana shi shiga. A Afrilun 2019 hukumar ba da shaidar zama ɗan ƙasa ta fayyace cewa ko aiki a shagon wiwi mai lasisi na iya hana mutum cika sharaɗin kyawun hali da ake nema. Mai karɓar kuɗi a shagon wiwi a birnin Denver na Kolorado, mai biyan harajinsa daidai, a idon wannan hukuma yana cikin masu safara.

Cinikin amsa laifi ma tarko ne ga baƙo. Wani ɗan Jamaika da aka kawo Amurka yana shekara 3, an same shi da giram 1.3 a motarsa a Jojiya a 2007, ya amsa tuhumar niyyar rarrabawa don ya kauce wa ɗauri, hukumar shige da fice ta ɗauki wannan amsar ta kore shi daga ƙasar a matsayin babban mai safara. Sai a 2013 Kotun Ƙoli ta ce an yi kuskuren sa shi a wannan aji. Tun 2010 kotun ta wajabta wa lauya ya faɗa wa wanda ba ɗan ƙasa ba illar amsa laifi ga zamansa, amma lauyan gwamnati mai ɗauke da fayil fiye da ƙarfinsa ba kullum yake tsayawa ya tambayi takardun mutum ba.

Ga ɗan Najeriya akwai ƙarin wani sashe da ke jiransa a gida. Dokar NDLEA, tun gyaran da aka yi mata a 1990, ta ce ɗan ƙasar da aka samu da laifin miyagun ƙwayoyi a wata ƙasa, ya zubar da sunan Najeriya ta haka, ya aikata wani laifin dabam, mai ɗaurin shekara 5 babu zaɓin tara, tare da ƙwace dukiyarsa.